Agogon da aka kankare daga hoton Berlin

Ranar 2 ga Mayu 1945, Berlin na ci da wuta, wani mai ɗaukar hoto na kamfanin dillancin labarai na TASS mai suna Yevgeny Khaldei ya hau rufin ginin majalisar dokokin Jamus tare da sojojin Sobiyet uku. Tutar da ke hannunsu ba daga ma'ajiyar soja ta fito ba. Da jajayen mayafan tebur wani tela ya ɗinka ta a Mosko, Khaldei ya ƙunso ta cikin kayansa. Soja ɗaya ya ɗare can sama ya ɗaga ta, na biyu ya tallafe shi daga ƙasa kada ya zame, shi kuwa Khaldei ya yi ta dannawa. Ainihin tutar farko an riga an kafa ta tun daren 30 ga Afrilu, cikin duhu da ruwan harsashi, lokacin da babu mai sukunin tsayawa ɗaukar hoto. Wannan ta biyun maimaici ce, amma ita duniya ta sani.

Da aka wanke hoton a Mosko, sai wani edita mai kaifin ido ya ce a dakata. Sojan da ke tallafe da ɗan'uwansa yana ɗaure da agogo a hannun dama, ga wani kuma a na hagu. Ƙaramin soja da agogo biyu a birnin da aka ci da yaƙi, ai ba sai an yi wa kowa bayani ba, wawaso ne. Akwai masu cewa na biyun ba agogo ba ne, na'urar nuna alƙibla ce irin wadda ake ɗaurawa a hannu. Ko ma mene ne, hukuma ba ta so a yi tambayar. Aka sa tsinin allura aka kankare shi daga jikin dodon hoton, aka ƙara wa sararin sama baƙin hayaƙi don abin ya ƙara armashi, sannan mujallar Ogonyok ta buga shi ranar 13 ga Mayu.

Sunan mai agogon Abdulhakim Ismailov, mutumin Dagestan. Ya koma ƙauyensu ya ci gaba da harkokinsa, hotonsa na rataye a makarantu da ofisoshi ba a san shi ne ba, sai da aka yi shekara 50. A 1996 aka ba shi lambar Gwarzon Rasha, ya rasu a 2010. Shi ma Khaldei yana da nasa tabon da hoton bai nuna ba. Bayahude ne ɗan gabashin Yukiren, an harbe mahaifiyarsa yana ɗan shekara ɗaya, Jamusawa suka kashe mahaifinsa da 'yan'uwansa mata a lokacin yaƙin, sannan a 1948 aka sallame shi daga TASS a daidai lokacin da gwamnatin Stalin ta juya wa Yahudawa baya.

Hausawa na cewa gani ya kori ji. A kan hoton yaƙi, karin maganar nan ba ta cika aiki ba. Abin da ido ya gani a hoton Berlin shi ne tuta da nasara. Abin da ya sa sojan nan ya zama mutum irina irinka, mai kwaɗayi, mai tunanin tsarabar da zai kai gida bayan shekaru yana kwana a rami, shi ne daidai abin da aka kankare. Ni a ganina nan gizo ke saƙa duk lokacin da aka jero mana tsofaffin hotuna aka ce ga yadda ɗan Adam yake a cikin yaƙi. Mutumin yana ciki, ba shakka. Amma kafin ya iso gabanka ya ratsa hannuwa da yawa: wanda ya ɗauka, wanda ya ba da izini, wanda ya datse gefe, da wanda ya rubuta layi biyun da ke ƙasa. Kowane hannu sai ya ɗebe wani abu, kuma galibi suna ake fara ɗebewa.

Abin ba jiya ya fara ba. A 1855 Baturen Ingila Roger Fenton ya tafi yaƙin Kirimiya da keken doki na mai sayar da giya wanda ya mayar ɗakin wanke hoto. Kyamarar zamanin sai mutum ya sandare na wasu daƙiƙoƙi kafin ta kama shi, don haka babu zancen ɗaukar gumurzu. Ya dawo da hotuna kusan 360, hafsoshi cikin kaki, tantuna, dawaki, amma ko gawa ɗaya babu, a yaƙin da kwalara da sanyi suka fi harsashi kisa. Hotonsa da ya fi suna na wani kwari ne da babu kowa, sai dunƙulallun harsasan igwa birjik a kan hanya. Hotunan kwarin kuwa biyu ne, daga wuri ɗaya a rana ɗaya: a ɗaya hanyar fes take, a ɗayan ga harsasai an baza. Binciken da aka yi kan duwatsun gefen hanyar ya nuna mai fes ɗin aka fara ɗauka.

Bayan shekara 7 sai ga gawawwakin. A yaƙin basasar Amurka, ranar 17 ga Satumba 1862 a Antietam, mutum kusan 23,000 aka kashe ko aka raunata ko suka ɓace cikin yini guda. Alexander Gardner ya iso bayan kwana biyu ya tarar ba a gama binnewa ba. Da aka baje hotunansa a shagon maigidansa Mathew Brady a New York cikin Oktoba, jaridar New York Times ta rubuta cewa in ma Brady bai kwaso gawawwakin ya zube wa mutane a ƙofar gida ba, to ya yi abin da ya yi kusa da haka. Mutane suka yi ta tururuwa, wasu da gilashin ƙara girma, suna duba fuskoki ko za su ga nasu. To amma Gardner ɗin nan dai, a Gettysburg a 1863, shi da abokan aikinsa suka ɗauki gawar wani saurayin soja daga inda ya faɗi suka kai ta bayan wata katangar duwatsu, suka jingina bindiga a gefe, suka ce ga maharbin ɓoye a maɓoyarsa. Sai bayan kusan shekara 100 masu bincike suka lura gawa ɗaya ce a hotuna biyu, a wurare biyu. Yaron ya mutu da gaske. Labarin da aka ɗora masa ne ba nasa ba.

Da gwamnatoci suka gane ƙarfin abin, sai suka kama ƙofa. Amurka ta shiga yaƙin duniya na biyu a Disamba 1941, amma sai 20 ga Satumba 1943 mujallar Life ta sami izinin buga hoton gawar sojan Amurka a fagen fama: mutum uku a bakin ruwa a Buna, ƙasar New Guinea, yashi ya fara rufe su, George Strock ne ya ɗauka. Sai da maganar ta kai ga Shugaba Roosevelt, kuma dalilin amincewarsa shi ne ana ganin mutanen gida sun fara sakin jiki kamar yaƙin ya ƙare. Ko a hakan, babu fuskar da ta fito. A 1991, a ƙarshen yaƙin Tekun Fasha, Kenneth Jarecke ya ɗauki hoton wani sojan Iraƙi da ya ƙone ƙurmus yana ƙoƙarin fitowa ta tagar gaban motarsa. Wannan karon ba gwamnati ce ta hana ba, editocin Amurka ne da kansu suka ce ya yi muni. Jaridar Observer ta Landan ce ta buga. A shekarar ne kuma aka hana ɗaukar hoton akwatunan gawar sojojin Amurka da ake saukewa a sansanin Dover, dokar da ta kai har 2009. Shi ya sa wanda ya kalli wancan yaƙi a talabijin zai rantse cewa gine-gine da gadoji kawai aka yi ta rugurguzawa daga sama.

Akwai kuma hoton da makashin ne da kansa ya ɗauka. Wanda duk ya taɓa buɗe littafin tarihin yaƙin duniya na biyu ya ga yaron Warsaw, babban birnin Poland: ɗan ƙarami, da hula da kwat da gajeren wando, hannuwa biyu a sama, idanu cike da tsoro, bayansa soja riƙe da bindiga. Ba don tausayi aka ɗauki hoton nan ba. Yana cikin rahoton da Janar Jürgen Stroop ya haɗa wa maigidansa Himmler, na hannun daman Hitler, bayan murƙushe boren unguwar Yahudawa, wanda ya faro ranar 19 ga Afrilu 1943 ya ƙare 16 ga Mayu. Rahoton alfahari ne, an yi masa bango mai kyau, a ciki Stroop ya lissafa mutum fiye da 56,000 da ya kama ko ya kashe, kuma abin da aka rubuta a ƙasan hoton shi ne an zaƙulo su daga ramukan ɓuya da ƙarfi. Reshe ya juye da mujiya: rahoton ya zama shaida a kotun Nuremberg, aka rataye Stroop a Warsaw a 1952. Sojan da ke bayan yaron ma an gano shi, Josef Blösche, aka yanke masa hukuncin kisa a Jamus ta Gabas aka zartar a 1969. Janar ɗin da sojan duk an san sunayensu da ranar mutuwarsu. Yaron kuwa an kawo sunaye da dama, har wani likita a Amurka ya ce yana jin shi ne, amma har yau babu wanda aka tabbatar.

Hotuna biyu na Biyetnam su ne suka fi nuna yadda ƙiftawar ido ɗaya ke haɗiye rayuwar mutum.

Na farko, 1 ga Fabrairu 1968, a kan titi a Saigon, babban birnin Biyetnam ta Kudu, ana tsakiyar farmakin da 'yan gurguzu suka kai lokacin bikin sabuwar shekararsu. Sojoji suka taso ƙeyar wani mutum sanye da riga mai gida-gida, hannuwansa ɗaure ta baya. Eddie Adams, mai ɗaukar hoto na kamfanin dillancin labarai na AP, yana biye da su. Shugaban 'yan sandan Biyetnam ta Kudu, Janar Nguyen Ngoc Loan, ya matso ya zaro ƙaramar bindiga. Adams ya ɗauka barazana ce irin ta masu tambayar fursuna, ya ɗaga kyamara ya danna, ashe ya danna ne daidai da fitar harsashin. Washegari hoton yana shafin farko na jaridun duniya, a 1969 kuma ya ci lambar Pulitzer, babbar lambar yabo ta aikin jarida a Amurka.

Janar Loan bai sake fita daga cikin hoton nan ba. Bayan wata uku aka harbe shi a fagen fama, daga baya ya rasa ƙafa. Da Saigon ta faɗi a 1975 ya gudu Amurka, ya buɗe ɗan gidan abinci a jihar Virginia. A 1978 aka so a kore shi daga ƙasar saboda hoton, Adams da kansa ya tsaya masa. Daga baya aka gano ko shi wane ne, har aka rubuta masa baƙar magana a bangon banɗaki, ciniki ya mutu, ya rufe a 1991. Da ya rasu a 1998 Adams ya rubuta a mujallar Time cewa janar ya kashe ɗan tawaye da bindiga, shi kuma ya kashe janar da kyamara, kuma hoto rabin gaskiya ne kawai ko da ba a taɓa shi ba.

Ana yawan kawo wannan nadama ta Adams kamar ta wanke janar ɗin, ana haɗawa da zargin cewa wanda aka harbe ya kashe iyalin wani hafsa a safiyar ranar, zargin da masana tarihi ke jayayya a kansa har yanzu. Ni dai ban ga yadda ta wanke shi ba. An ɗaure mutum, ba shari'a, ba tambaya, an harbe shi a ka a bainar jama'a. Wannan rabin da hoton ya kama gaskiya ne, kuma laifin yaƙi ne ko wane ne mutumin. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne yadda labarin kullum yake komawa kan mutum biyu, mai bindiga da mai kyamara, wa ya cuci wa, wa ya nemi gafarar wa. Na ukun, wanda fuskarsa ce a murtuke a tsakiyar hoton, sunansa Nguyen Van Lem. Yana da mata da 'ya'ya. A jarida matar ta ga abin da ya same shi, kuma iyalin ba su taɓa samun gawarsa ba.

Na biyu, 8 ga Yuni 1972, a garin Trang Bang. Jirgin saman Biyetnam ta Kudu ya saki bam ɗin napam, wani irin narkakken mai ne da ke manne wa fata yana ci, a kan mutanen ɓangarensa bisa kuskure. Yara suka fito da gudu a kan titi. A tsakiyarsu yarinya 'yar shekara 9, Phan Thi Kim Phuc, tsirara don ta yage kayan da ke ci da wuta a jikinta, tana ihu da harshensu cewa zafi, zafi. Yaron da ke gaba ta hagu, baki a wage, yayanta ne. Ƙananan 'yan'uwanta biyu sun mutu a harin. Nick Ut, matashi ɗan shekara 21 da ke wa AP aiki, wanda yayansa ma mai ɗaukar hoto ne da aka kashe a yaƙin a 1965, shi aka sani da ɗaukar hoton, shi ne kuma ya saka ta a mota ya kai ta asibiti. A ofishin AP na Saigon an so a ajiye hoton saboda ƙa'idar hana tsiraici, sai babban editan hotuna Horst Faas ya ce a aika. An kuma datse gefen dama, inda wani mai kyamara ke tafiya yana fama da fim ɗinsa, yara na ihu a gefensa. Da an bar shi, da mai kallo ya yi wata tambayar daban, game da mutanen da ke tsaye suna ɗauka.

Za ka sha jin an ce hoton nan ne ya kawo ƙarshen yaƙin Biyetnam. Labari ne mai daɗin faɗa, musamman a bakin 'yan jarida, amma lissafi bai goyi bayansa ba. A lokacin da aka ɗauke shi sojojin Amurka sun riga sun ragu daga sama da 500,000 zuwa ƙasa da 70,000, kuma an ci gaba da yaƙi kusan shekara 3 bayansa, har 30 ga Afrilu 1975. Abin da hoton ya canza tabbas shi ne rayuwar yarinyar. Ta yi wata 14 a asibiti, an yi mata tiyata 17. Da ta girma ta fara karatun likita, sai sabuwar gwamnatin gurguzu ta gano ita ce yarinyar hoton, aka riƙa ɗauko ta daga aji ana zaunar da ita gaban baƙin 'yan jarida tana maimaita abin da aka ce ta faɗa, har karatun ya lalace. Aka tura ta Kuba. A 1992, tana dawowa daga Mosko da angonta, jirginsu ya sauka shan mai a Gander ta ƙasar Kanada, suka fita suka ƙi komawa. Ta sha faɗa cewa ta daɗe tana ƙin hoton, tana jin kunyarsa, kafin ta yarda ta yi aiki da shi wajen taimakon yaran da yaƙi ya shafa. Kuma tsugune ba ta ƙare ba. A 2016 Facebook ya cire hoton daga shafin wata jaridar Norway da sunan tsiraicin yara, sai da aka yi ca sannan ya mayar. A 2025 kuma aka taso da jayayya kan ko Nick Ut ne ma ya danna kyamarar ko wani ɗan Biyetnam ne da ke sayar wa AP hotuna: AP ta bar sunan Ut, ƙungiyar World Press Photo mai shirya gasar hotunan jarida ta dakatar da jingina masa. Shekara 53 ana ta ja-in-ja a kan bayan yarinya guda.

Mu ma nan muna da namu, kodayake ba mu cika son kallonsu ba. Yaƙin basasar Najeriya ya faro a Yuli 1967, kuma kusan shekara guda duniya ba ta damu ba. A tsakiyar 1968 sai hotunan yaran Biyafara suka fara fita a jaridun Ingila, ranar 12 ga Yuli kuma suka hau bangon mujallar Life: ciki ya kumbura, gashi ya yi ja ya zube, ƙafafu kamar sillen kara. Tamowa ce, wadda toshe hanyoyin abinci ya haddasa. Turawa da yawa a lokacin ne suka fara jin sunan cutar. Don McCullin ya je wata makarantar mishan a 1969 inda aka tara ɗaruruwan yara, ya ɗauki wani yaro zabiya, ƙashi da fata, riƙe da gwangwanin nama wanda babu komai a ciki. Ya ba da labarin cewa yaron ya lallaɓo ya kama masa hannu, shi kuma ya zaro alewa daga aljihu ya ba shi a ɓoye, kuma ya ce yaron bai taɓa barin zuciyarsa ba.

Yunwar gaskiya ce. Ƙiyasin waɗanda ta kashe ya kama daga 500,000 zuwa miliyan 2, akasarinsu yara, kuma duk wanda ya ce farfaganda ce zalla bai yi wa Allah adalci ba. Amma farfagandar ma gaskiya ce. Gwamnatin Ojukwu ta ɗauki wani kamfanin tallata suna a Geneva mai suna Markpress, shi ke rarraba labarai da hotuna, shi ke shirya wa 'yan jarida tafiya. Da aka ga hujjar siyasa ba ta ci kasuwa a Turai ba, hoton yaro mai tamowa ya ci, sai aka karkata can. Hotunan suka jawo jiragen agajin coci-coci da ke sauka cikin dare a Uli, kan titin mota da aka mayar filin jirgi, kuma daga cikin likitocin Faransa da suka yi aiki a can ne aka sami waɗanda suka kafa ƙungiyar likitoci ta MSF a 1971. Har yau masu nazarin aikin agaji na muhawara kan ko agajin nan, da jiragen makamai ke fakewa a bayansa, ya ceci rayuka ne ko ya tsawaita yaƙin har Janairu 1970. Wata illar kuma ta daɗe: daga Biyafara ne yaro baƙi marar suna, mai kumburarren ciki, ya zama tambarin Afirka a idon Turai, aka sake buga shi a Habasha a 1984, aka sake a Somaliya a 1992.

Sai kuma inda kyamara ba ta je ba. A Asaba, cikin Oktoba 1967, sojojin tarayya suka tara maza da samarin garin da suka fito cikin fararen kaya don nuna goyon bayan Najeriya ɗaya, suka buɗe musu wuta, ɗaruruwa suka mutu. Babu wani hoton Asaba da ya zaga duniya, don haka aka yi shekaru da dama abin yana bakin iyalan mamatan kawai. Yaran Biyafara sun sami hoto ba su sami suna ba. Mutanen Asaba danginsu sun riƙe sunayen, hoton ne babu, kuma duniya ta fi sauraron mai hoto.

Yau da kowa ke da kyamara a aljihu, aikin da editan Mosko ya yi da allura kowa na iya yin wanda ya fi shi da ɗan yatsa, ba tare da ya taɓa hoton ba. Layin ƙasa kawai zai canza. Ranar 2 ga Yuli 2010 wata tankar mai ta kife a garin Sange na Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango, ta kama da wuta, mutum fiye da 200 suka ƙone, ciki har da masu kallon gasar cin kofin duniya a wani ɗakin kallo da ke kusa. Hoton gawawwakinsu a jere ya yi shekaru yana yawo a Facebook da WhatsApp. A hannun wasu, Kiristoci ne da Musulmi suka ƙona a Najeriya. A hannun wasu, Musulmin Rohingya ne da mabiya addinin Buda suka ƙona a Bama. Mu da muka tashi a al'adar gaggauta suturta mamaci, da kau da kai idan an zo wucewa da makara, abin mamaki ne yadda muke tura gawar ɗan wani zuwa rukuni goma ba mu tambayi ko waye ba. Mutanen Sange an ba su addini biyu da ƙasa biyu, ba a taɓa ba su garinsu ba.

Tunda Bama ta shigo zance, akwai wasu hotunan da suka fi kusa da mu fiye da duk waɗannan. A yaƙin duniya na biyu Ingila ta kwashi runduna biyu daga Afirka ta Yamma, ta 81 da ta 82, ta kai su yaƙar Japan a dazuzzukan Bama, Myanmar ta yanzu. 'Yan Najeriya ne suka fi yawa, da mutanen Gwalkwas (Gana ta yanzu) da Saliyo da Gambiya, kuma Hausa ce harshen bariki a rundunar Najeriya tun zamanin Lugga. Runduna ta 81 ta shiga kwarin kogin Kaladan a farkon 1944, wurin da mota ba ta shiga, suka sare daji da adda suka fitar da hanya mai tsawon fiye da mil 70, ana jefo musu abinci daga jirgin sama. Dubbai daga cikinsu ba bindiga aka ba su ba, aikinsu dako ne, su ɗora harsasai da kayan igwa a ka su hau tsauni. Wata birged ta 'yan Najeriya kuma ta shiga cikin dakarun Chindit da aka sauke a bayan layin Japanawa. A Janairu 1945 rundunonin biyu suka haɗu suka ƙwace Myohaung.

Sunayen wuraren sun biyo su gida. Mutumin Kaduna da ke cewa a sauke shi barikin Kalapanzin ko na Dalet, sunayen kogunan Bama yake kira. Haka barikin Chindit a Zariya, da na Myohaung da Arakan a Legas. Hotunan kuwa suna gidan tarihin yaƙi na Landan, waɗanda masu ɗaukar hoto na sojan Ingila suka ɗauka: ana tsallaka kogi da kwale-kwale, ana gyaran bindiga, ana layin abinci, wani na wanki, wani na dariya. Bayanin ƙasan hoton zai ba ka sunan kogin, da watan, da lambar rundunar, wani lokaci har da sunan Baturen hafsan da ke tsaye a gefe. Mutumin da ke tsakiya da akwatin harsashi a ka, da tsagar gado a kumatu wadda dattijon Kano ko Katsina ko Borno zai kalla sau ɗaya ya gaya maka mutumin ina ne, galibi abin da aka rubuta masa shi ne sojan Afirka ta Yamma.